Kalmasa a Gindin Shafi

Duk wanda wandonsa ya yi masa tsawo a layin nan, ko rigar makarantar 'yarsa ta farke a hammata, ya san inda zai nufa. Zai hau matakalar tsohon benen da ke bayan kantin magani, ya wuce ƙofar farko, ya ƙwanƙwasa ta biyu. Nan Mai Kalmasa take. Ba ta ɗinka sabon kaya, ta ce sabon yadi na masu dogon buri ne. Ita gyara take yi: ta rage, ta ƙara, ta sa zif, ta juya wuyan rigar da ya cinye, ta kalmashe bakin wando yadda ko mai shi sai ya ɗauko tabarau kafin ya ga inda zare ya bi. Daga nan sunan ya samo asali, har ya danne na gaskiyar.

Siririya ce mai dogon wuya, kullum da allura biyu ko uku a soke a ƙirjin rigarta, har yaranta suka koyi rungumarta ta gefe. Ba ta da faɗa, ba ta da gulma, wanda kuwa a sana'ar da mata ke zuwa su zauna jiran kaya, ba ƙaramar asara ba ce. Amma tana da abu biyu da duk wanda ya zauna da ita ya sani. Ba a shigar mata da littafi ɗakin aiki, ko na wane ne. Kuma ba a ce mata "yanzu zan dawo". Mijinta direban bas ne, mutum mai tumbi da dariya a kusa, ya kuma sha wuya kafin ya koyi wannan. A farkon aurensu ya faɗa sau ɗaya, zai sauka sayen ashana, ta bi shi har titi ba takalmi, ta riƙe masa riga. Tun daga ranar "na fita" kawai yake cewa, ya fita.

Dalilin ba wani ɓoyayyen abu ba ne, mutane ne dai ba su cika tambaya ba. Ta taɓa samun yaya namiji, shi kaɗai, wanda ya ba ta shekaru da ɗan dama. Shi ya raɗa mata Sauro, wai ga ta siririya ga ta kullum a kunnensa, kuma ban da shi babu wanda ya taɓa kiranta haka. Yayan nan kansa yana ja. A makarantar sakandaren garin akwai wani aji da ake ware wa 'yan shekarar ƙarshe waɗanda tarihi ya zauna musu, ana ce masa ajin manya, don daga shi ake wucewa jami'a. Tsarin ajin shi ne malami ba ya zaɓa wa kowa abin karantawa. Kafin dogon hutu zai ce kowa ya je inda tsofaffin littattafai suke, ya zaɓo uku da hannunsa, ya karanta, in an dawo ya kare zaɓinsa a gaban aji.

Yaya ya samu shiga. Ya zaɓo nasa ukun, ya baje a ƙasa kusa da keken mahaifiyarsu, wadda ita ma ɗinki take yi, ya yi ta karantawa da ƙarfi, don shi ba ya gane abu sai ya ji shi da kunnensa. Sauro na gefe tana tsintar zare, ita ce 'yar sauraro. Duk sanda zai fara sai ya ce, "Ina muka tsaya, Sauro?" Ita kuma ta maimaita masa jimlar ƙarshe kamar aku. In zai tashi ba ya sa takarda a wurin. Kusurwar shafi yake ninkewa, ba ta sama ba kamar kowa, ta ƙasa. Ya ninka sau ɗaya, ya sake ninkawa a kai, ya danne da farce, daidai yadda yake ganin mahaifiyarsu tana kalmashe bakin siket.

Littafi na uku mai koren bango ne. Labarin wani gari ne na can da, wanda abokan gaba suka yi wa ƙawanya har abinci ya ƙare, aka zaɓi wani saurayi aka zura shi da igiya ta bayan ganuwa ya tafi neman taimako. Wata rana da rana tsaka Yaya ya karanta har inda aka ce matan sun hau ganuwa suna duban hanya har inuwa ta juya, ba su hango kowa ba. Sai ya kalmashe shafin, ya ce maɗaurin takalminsa ya tsinke, bari ya kai wa mai gyara a bakin titi.

"Yaya, ya dawo ko bai dawo ba?" in ji ta.

Ya yi dariya ya ce, "Yanzu zan dawo mu ji." Ya sauka da takalmi ɗaya a hannu.

Mai gyaran takalmi ya rantse bai ga ko ƙeyarsa ba. Aka duba asibiti, aka je wajen 'yan sanda, aka bi tashoshin mota da bakin kogi. Ko takalmin ba a samu ba. Mahaifiyarsu ta ce littattafan nan ne suka janye mata ɗa, kuma babu wanda ya iya yi mata musu, don babu wanda yake da wani bayanin. Mahaifinsu ya zuba su a buhu ya kai wa mai tsofaffin littattafai da ke ƙarƙashin wata matakala a hanyar kasuwa, ya ajiye ya juya. Ba da daɗewa ba ita ma ta bar makaranta. Karatunta ya tsaya a iya awo da sunan mai kaya, kuma a ganinta ya ishe ta.

Shekaru suka tafi, iyaye suka kwanta dama, ta yi aure, ta haifi maza biyu da suka girma suka kama gabansu ba tare da littafi ya dame su ba, ta gode wa Allah. Sai Auta ta zo. Yarinyar nan tun tana rarrafe take da tambaya a ido. Me ya sa titin nan ya karkace? Wa ya gina benen nan? Kafin kantin magani mene ne a wurin? Ubanta ya sa mata Farfesa, yana jin daɗi. Uwar tana ji, tana taka keke. Abin da Auta ta sani game da kawunta bai wuce cewa ya rasu tun uwarta na yarinya ba.

Ranar da aka yi hutun ƙarshen shekara, Auta ta hawo matakala da gudu tana ihu tun daga ƙasa. "Mama! Baba! An sa ni a ajin manya!"

Direba ya dawo cin abincin rana ke nan, ya miƙe da cokali a hannu ya sara mata kamar soja. Mai Kalmasa kuwa allura ta shige mata yatsa, abin da rabon da ya faru da ita har ta manta.

"Allah ya sa albarka," in ji ta, don abin da ya kamata baki ya faɗa ke nan. Sannan ta ce, "Wa ya ce ki nema?"

"Ba nema ake yi ba, Mama, zaɓa ake yi. Malam ya ce kowa ya je ya zaɓo littafi uku ya karanta a hutu."

Ashe malamai sun canza, gini ya canza, tsarin bai canza ba. Ta ce da mijin ya sayo wa yarinyar sababbi, masu ƙamshin kanti. Ya zagaya gari ya dawo ya ce sababbin duk na amsa jarrabawa ne, kuma Farfesa ta ce ba su ake nufi ba. Ya ƙara da cewa, "Maman Auta, tsohon labari ai a tsohon littafi yake. Ke ma tsofaffin kaya kike gyarawa, wa ya ce miki wani abu?" Ya yi dariyarsa shi kaɗai.

Auta ta kawo na farko, ta shige uwar ɗaki da shi tunda ta san doka. Wata safiya uwar tana kaɗe zanen gado littafin ya faɗo ya buɗe. Ba ta yi niyyar dubawa ba, amma idon mai ɗinki ba ya wuce ninki. A gindin shafin akwai layi biyu, ɗaya bayan ɗaya, tsohon sawun kalmasa da aka warware. Ta juya wasu shafuka da bakin farce kamar mai taɓa abu mai zafi. Ga su nan, nan da can, har ƙarshe. Ta ce a ranta mutane da yawa suna ninke takarda, garin nan ba mutum ɗaya ne ya taɓa ganin ɗinki ba. Ta mayar da shi ƙarƙashin matashi, ta wanke hannu da sabulu.

Na biyu da ya zo, layin biyu suna nan.

"Wa yake zaɓa miki littattafan nan?" ta tambaya suna wanke-wanke, ba ta dube ta ba.

"Ni mana. Shagon cike yake har rufi, Mama. Duk wanda na ɗauka sai in ji na mayar. Waɗannan kuwa ina taɓa su sai na ji kamar dama na san su."

A cikin kwanakin nan ne Auta ta fara karatu da ƙarfi. Ta ce ta lura in ta ji da kunnenta ya fi zama. Bango ɗaya ne tsakanin uwar ɗaki da ɗakin aiki, kalmomin ba sa ratsowa, amma tashin muryar da saukarta suna ratsowa. Yarinyar tana ɗan jan numfashi kafin kalmar ƙarshe ta kowace jimla, sannan ta sake ta a hankali. Mutum ɗaya Mai Kalmasa ta taɓa sani da yake karatu haka. Sai ta riƙa taka keke da ƙarfi ko babu kaya a bakinsa, don kar ta ji. Wata rana kuma ta leƙa kiranta cin abinci, ta ga babban yatsan yarinyar ya sauka gindin shafi, ya ninka, ya sake ninkawa, ya danne da farce.

"Wa ya koya miki haka?"

Auta ta dubi hannunta kamar ba nata ba. "Ai layin yana nan, Mama. Takardar da kanta take komawa."

Magana ce mai ma'ana, kuma Mai Kalmasa ta san haka yadi ma yake yi. Amma sanin bai kwantar mata da hankali ba.

Na ukun ta gane shi tun yana hannun Auta a bakin ƙofa. Koren ya koɗe, gefen ya cinye, amma shi ne. Da ta samu sarari ta duba. Can wajen ƙarshe, shafi ɗaya yana nan a kalmashe, ninki biyu, a danne, takardar ta yi ruwan ƙasa a bakin ninkin. Duk shekarun nan babu hannun da ya warware shi. Nan take abin ya tsaya mata a ƙirji, a fili, ba kwana-kwana: ranar da yarinyar nan ta kai shafin nan, za ta tashi ta fita, kuma ba za ta dawo ba.

Washegari ta aiki Auta kai kaya can wata unguwa mai nisa, ta naɗe littafin a ƙyalle, ta fita da rana tsaka. Ba ta taɓa taka shagon ba, amma ƙafarta ta san shi, don ta yi shekaru tana tsallaka titi don kar ta wuce ta gabansa. Wuri ne matsattse mai warin ƙura da tsohuwar takarda, littattafai jibge har sun toshe taga. Tsohon ya daɗe da rasuwa, ɗansa ne a wurin, shi ma furfura ta cinye masa kai. Ta warware ƙyallen ta ajiye a gabansa.

"Wannan kuma?" in ji shi. Bai ko yi mamaki ba. "Baiwar Allah, tun zamanin babana littafin nan yake fita yana dawowa. Mutum ya ɗauka, a kwana biyu, ya dawo da shi ya ce akwai wani wuri da ya kasa wucewa. In ka ce me ya sa, sai ya yi ta sosa kai. Na ɗauka yarinyar nan za ta riƙe shi, don yadda ta miƙa hannu kai tsaye ta zaro shi daga ƙasan tuli, ni kaina ban san yana nan ba."

"Kai ka taɓa buɗe wurin?"

"Ni sayarwa nake, ba karantawa ba. Da ina karantawa da tuni na haukace."

"Ka ba wa baƙo," in ji ta. "Wanda zai bar garin."

Ya dube ta, ya dubi littafin, ya ce to.

Auta ta birkice gidan tana nema. Uwar ta ce ƙila ɗan wata mai kawo gyara ne ya ɗauka, ƙaryar ta fito mata daga baki sumul har ta ji kunyar kanta. Yarinyar ta yi kuka irin na tun tana ƙarama, da shessheƙa. Ta koma shagon, mai shagon ya ce an saya, bai ƙara komai ba. Ta ɗauko wani a madadinsa, ta zauna da shi a cinya tana kallon bango. Muryar da ke ratso bango ta ɗauke. Mai Kalmasa ta samu shirun da take so, sai ta tarar shirun ya fi muryar ciwo. Tana son 'yarta ta shiga ajin nan, wannan gaskiya ce. Tana kuma son 'yarta ta tsufa a gabanta. Ba ta ga yadda za a yi a samu duka biyun ba.

Ba a yi sati ba, direba ya dawo cin abincin rana da hannu ɗaya a baya, fuskarsa cike da shirin abin alheri.

"Farfesa, rufe ido."

Ya ce a can tashar ƙarshe, wajen gari, yana share mota ya tsinci wani littafi a ƙarƙashin kujerar baya. Ya ɗaga shi sama ya yi cigiya, fasinjoji duk sun watse, babu mai shi. "Ban san na mene ne ba," in ji shi, "amma tsufansa dai ya kai na tarihi."

Auta ta buɗe ido ta ƙwala ihu. "Shi ne! Baba, wallahi shi ne!"

"Kin gani ko, Maman Auta? Ki riƙa raina direba." Ya juya yana neman yabo, ya ga matarsa zaune a kan keke, ƙafa a kan mataki, babu abin da ke motsi a jikinta. Ya ɗauka ciwon kai ne, ya sauka ya sayo mata magani.

Da safe, kafin kowa ya tashi sosai, ta shiga kicin da littafin, ta kunna risho, ta riƙe shi a saman wutar har ta fara jin ƙaurin bango. Sai hannunta ya ƙi. Ta tsaya tana fushi da hannun, sannan ta gane abin da ya riƙe shi, kuma ganewar ta ba ta haushi fiye da komai. In ta ƙona shi, har ta mutu ba za ta san ko saurayin da aka zura da igiya ya dawo ba. Ashe duk shekarun nan, a ƙarƙashin tsoron, yarinyar nan mai tsintar zare tana nan zaune tana jiran a ƙarasa mata labari. Ta kashe risho, ta mayar da littafin inda ta ɗauko.

Abin da ta koma yi shi ne kulle ƙofar gida da rana, ta maƙale makullin da fil a cikin aljihunta. Ta ce wa masu kawo gyara ɓarayi sun yi yawa. Kullum in Auta ta shiga wanka sai ta leƙa littafin ta gefe, ta auna tsakanin inda yarinyar ta tsaya da tsohon ninkin, da ido, yadda take auna yadi. Kaurin yatsa. Rabin yatsa. Kaurin farce.

Ranar da abin ya zo, an yi ruwa da safe, rana ta fito fes bayansa. Direba yana wajen aiki. Muryar bayan bango ta yi ta tashi tana sauka, sai ta tsaya. Mai Kalmasa ta ɗaga kai ta ga Auta a bakin ƙofar ɗakin aiki, littafi a hannu ɗaya, takalmi ɗaya a ɗayan, maɗaurinsa yana reto.

"Mama, buɗe mini ƙofa. Takalmina ne ya tsinke, bari in kai wa mai gyara kafin in ci gaba, yanzu zan..."

"Kar ki ƙarasa!"

Ihun ya firgita su duka biyun. Uwar ta miƙa hannu. "Kawo shi nan."

"Mama, fata ce fa. Keke ba zai ci ba."

"Na ce ki kawo."

Ta jawo akwatin ƙasan tebur ta ɗauko basilla da zare mai kauri, ta goga wa zaren kyandir. Ta ɗora takalmin a gwiwa. Sannan, ba tare da ta ɗago ba, ta faɗi abin da ba a taɓa ji a gidan nan ba. "Shigo da littafin."

"Nan? Ɗakin aiki?"

"Zauna nan kusa da keke. Ki karanta da ƙarfi."

Auta ta shigo a hankali kamar mai shiga gidan baƙi, ta zauna a ƙasa cikin guntayen ƙyalle, ta buɗe. Ta sa farce a ƙarƙashin tsohon ninkin. Takardar ta yi ɗan ƙara, ta buɗe sau ɗaya, ta sake buɗewa. Kanta a sunkuye, gashin idonta bai ko motsa ba, ta ce, "Ina muka tsaya, Sauro?"

Ruwa yana ɗiga daga indararo. Mai Kalmasa ta ji bakinta ya buɗe da kansa. "Matan suka hau ganuwa suna duban hanya har inuwa ta juya, ba su hango kowa ba."

Auta ta ɗago da sauri, ta dubi shafin, ta dubi uwarta. "Mama! Haka yake, kalma da kalma. Yaya aka yi kika sani?"

"Me kika kira ni yanzu?"

"Ni? Ban kira ki ba. Kaina nake tambaya inda na tsaya." Fuskarta ba ta ƙarya ba ce, har ta fara jin tsoro.

"Karanta," in ji uwar, ta soka basilla a fata.

Auta ta karanta. Marubucin ya ce daga nan labarin saurayin ya yanke. Wasu sun ce an kama shi, wasu sun ce ya isa amma aka ƙi ba shi taimako, wasu sun ce an gan shi a hanyar dawowa. Babu ɗaya da ke da hujja, kuma shi ba zai ƙaga abin da bai samu ba. Abin da aka tabbatar shi ne abokan gaba sun gaji sun tafi, mutanen garin kuma sun daɗe ba su yarda sun buɗe ƙofa ba, har damina ta kusa wuce su. Daga ƙarshe suka buɗe suka fita gona, don in ba su fita ba yunwa za ta ƙarasa abin da yaƙi ya fara. Nan babin ya ƙare.

"Shi ke nan?" in ji Mai Kalmasa.

"Shi ke nan, Mama. Ba a sani ba. Malam ya ce rabin tarihi haka yake, wai sai mutum ya iya cewa ba a sani ba kafin ya cancanci shiga ajin manya."

Uwar ta yi wata 'yar dariya da ba ta yi kama da dariya ba, hawaye suka biyo bayanta, suna sauka a kan takalmin. Ta bar su suka zuba. Sannan ta ba wa yarinyar labarin kawunta, gaba ɗaya, har da ƙaryar ɗan mai kawo gyara, tana faɗa tana ɗinki. Auta ba ta yi tambaya ko ɗaya ba, karo na farko a rayuwarta. Da labarin ya ƙare ɗinkin ma ya ƙare. Ta ƙulla zaren, ta cije shi da haƙori, ta ja maɗaurin da ƙarfi ta ga ya riƙe.

Ta daɗe da takalmin a hannu. Sannan ta ajiye shi a gaban ƙafar 'yarta, ta cire fil, ta zaro makulli.

"Baƙin zarena ya ƙare. Je ki sayo mini a kantin bakin titi."

Kantin yana jikin rumfar mai gyaran takalmi, su duka sun sani. Auta ta sa takalmi, ta buɗe ƙofa, ta tsaya. "Na fita, Mama."

"A'a. Faɗi ɗayar."

Yarinyar ta juyo ta dube ta. "Yanzu zan dawo."

Takunta ya sauka matakala ya ɓace. Mai Kalmasa ba ta je taga ba, ko da yake duk jikinta can yake ja. Ta kunna dutsen guga, ta jira ya yi ɗumi, ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan gindin shafin, ta danna a hankali. Kusurwar ta kwanta. Layin biyu dai ba su goge ba, ta kuma san ba za su goge ba. Ta yanko siririn ƙyalle ta sa a farkon sabon babi, ta rufe littafin, ta ɗora shi a kan tebur kusa da almakashi. Inuwar taga ta matsa daga ƙafar keke zuwa bakin ƙofa, tana kallonta.

Sai ta ji taku a matakala, da sauri, ana tsallake ɗaya, ƙafa ɗaya tana ɗan ƙara irin na sabon ɗinki. Auta ta faɗo ɗakin tana haki, da zare a hannu, tana mitar mai kanti ya ce baƙin ya ƙare sai da ta sa shi ya duba ƙasan kwali. Uwar ta karɓi zaren ta riƙe hannun da ya kawo shi, ta ƙi saki.

A bayan surutun yarinyar, ko kunnenta ne ko ba kunnenta ba, ta ji wani takun yana hawowa a hankali, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Ya zo daidai bakin ƙofa ya tsaya.

"Mama, in rufe?" in ji Auta.

"Bar ta a buɗe," in ji Mai Kalmasa. "Zauna ki ci gaba. Ki ɗaga murya."